Bangon Inno Kulu

Ku bar taga, jirgin nan ba yau zai zo ba,
dogo ya yi tsatsa tun ba a haifi Luba ba.
Garzali, goge hannu, maiƙon ƙuli ne,
kwamfuta ɗaya gare mu, ku kuwa arba'in da bakwai ne.

Kun ce in faɗa muku wa ya haife ta.
Ni dai inda na fara ganin kakarta
bangon Inno Kulu ne, nan Ƙaura bayan tasha,
mai ƙosai, wadda ba ta taɓa riƙe alƙalami ba.
Ka ci bashi, ta ɗauki gawayi:
zane huɗu a tsaye, na biyar ya gitta,
ga layin Ɗan'ige mai amalanke, ya kusa kai rufi.
In ka musa ta ce, "Mu tai ga bango,
shi bai iya ƙarya ba."

Kafin ita akwai makiyayi da zabira,
tunkiya ta fita, tsakuwa ta shiga.
Da magariba in ɗaya ta rage a hannu,
ranar babu tuwo sai an shiga daji.
Wasu can nesa suka zura ƙwallaye a tsinke,
kamar carbi, amma na ciniki.

Sai masaƙa suka gaji da tuna zane,
suka huda kati: nan rami, nan babu,
zare ya hau, zare ya sauka,
kati ya yi umarni, itace ya bi.
Ku riƙe wannan, nan cibiyar take.

Kakana Lawali akawu ne a tashar nan
zamanin da gyaɗa ke tsayi kamar dutse.
Yatsa ɗaya yake sa wa tangarahu,
ƙwas, ƙwas-ƙwas, ƙwas,
adadin buhuna ya isa Zariya
jirgi bai ko gama shan ruwa ba.

Ta farkon da ta ci wuta, kar ku ce ƙarama ce.
Ta fi ajin nan, a haɗa da ofishin hedimasta,
kwalabe dubbai a cikinta suna huci
kamar kaskon Inno da hantsi.
Mata ke zagaya ta suna sauya wayoyi,
yini guda kan tambaya guda.

Daga nan ta kama halin tsofaffi,
tana shekaru tana tsukewa:
ɗaki, akwati, faifai, tafin hannu.
Sai dai ita ba ta neman sanda.
Ƙwaƙwalwarta kuwa, Luba, kar ki yi dariya,
daga yashi ake tace ta,
dangin wanda kuke kwasowa a ƙafa daga Gagare.

Duk wannan wayo, kalma biyu ta iya:
i da a'a.
Rami, babu rami. Zane, babu zane.
Sauri kawai ta fi Inno da shi.

Me ya faru da bangon?
Wata damina, daren Laraba, ruwa da iska,
gari ya waye bango fes kamar ba a taɓa ba.
Bashin unguwa duk ya bi kwata.
Ɗan'ige har sadaka ya yi.
Inno ta zauna bakin murhu ba ta hura ba.

Me kika ce, Luba? Ɗaga murya.
"Da ta kwafa a bango na biyu."
Af.
Darasin mako mai zuwa ke nan kika cinye mini.

Ga batir ya yi ja, hadari ya rufe rana,
yau ma mutum shida suka taɓa ta.
Sauran ku tashi, kowa ya ɗebo tsakuwa goma,
Garzali ne tunkiya.